Likitan da duniya ta riƙa yi wa rawa: wa ke riƙe da linzamin ido?

A shekarar 1952, mujallar likitocin nan da ke fitowa a Boston ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga wani gajeren bayani da bai wuce shafi uku ba. Likita ne ya rubuta shi, amma daga kan gadon jinya ya ɗauko labarin, don shi ne majiyyacin. Ko cikakken sunansa bai sa ba, haruffa biyu ya bari: J.C. Yau fiye da shekara 70 ke nan, kuma masu koyar da ilimin jijiyoyi da na ido ba su daina komawa kan wannan bayani ba, saboda abin da ya sami mutumin ya taɓa wata tambaya da ake yawan amsawa da gaggawa: shin mutum ne ke juya idonsa da niyya, ko kuwa ido gaban kansa yake yi?

Amsar gaggawar ita ce, ni mana, wa zai juya mini? Harshe ma ya goyi bayan haka. Muna cewa wane ya harare ni, wance ta saci kallona, an yi mana kallon hadarin kaji, kuma duk muna ɗora alhakin a kan mai idon. Littattafan ilimin jiki su ma suna da tasu hujjar: tsokoki shidan da ke jan kowace ƙwayar ido dangin tsokokin hannu da ƙafa ne, masu karɓar umarni, saɓanin tsokar hanji ko ta ɗan baƙin tsakiyar ido da ke tsukewa in haske ya yi yawa ko kana so ko ba ka so. J.C. bai rasa komai daga wannan iko ba. In ya so duban dama zai duba, in ya so duban sama zai duba. Duk da haka ganinsa ya wargaje.

Yadda abin ya faro

Yana da kimanin shekara 30 gwiwarsa ta kama ciwo, masu duba shi suka yi zaton ƙwayar tarin fuka ce ta sauka a gaɓar. Maganin da ake tinƙaho da shi a kan wannan cuta a lokacin shi ne sitiraptomaisin, wanda Albert Schatz ya gano a 1943 a ɗakin binciken Selman Waksman na Jami'ar Rutgers. Shi ne magani na farko da ya karya lagon tarin fuka, kuma a kansa aka ba Waksman lambar Nobel a 1952, shekarar da bayanin J.C. ya fito. Aka ɗora shi a kan allurar, makonni suka yi ta shuɗewa.

Wata safiya ya tsaya zai gyara fuska. Ya jiƙa ɗan tawul da ruwan zafi, ya matse, ya shimfiɗa shi a tafukansa, ya kifa a fuska. Tawul ɗin na rufe masa ido sai ya ji shi a ƙasa warwas. Babu wanda ya ture shi. Ashe gani ne ke riƙe da shi a tsaye bai sani ba, ana toshe shi kuwa ginin ya rushe.

Daga nan abu ya ta'azzara. Ko juyi ya yi a kan gado sai hajijiya da tashin zuciya su taso masa, in ya rufe ido su ƙaru. Dabarar da ya samo ita ce ya kwanta rigingine ya damƙe ƙarafan da ke wajen kan gadon. Da ya yi yunƙurin karatu, sai wata sabuwa ta ɓullo: haruffa sun ƙi tsayawa. Suna tsalle, suna yin dishi-dishi, kuma tsallen nasu yana tafiya daidai da bugun zuciyarsa.

Wannan wurin ya isa a tsaya a kansa. Duk bugun da zuciya ta yi, jini na haurawa kai da ƙarfi, kai kuma na ɗan girgiza, girgizar da mai kallonka ba zai gani ba. Kai da ke karanta wannan rubutu kana da ita yanzu haka. Ba ka taɓa lura ba ne saboda akwai mai goge ta kafin ta iso ga ganinka. Shi J.C., mai gogewar ne ya tafi ya bar shi. Sai da ya cusa kansa tsakanin ƙarafa biyu na gadon ya maƙale shi a wurin, sannan rawar haruffan ta ragu har ya iya bin layi.

Da ya fara tafiya kuma, ya kwatanta abin da yake gani da mutumin da ya manna kyamarar fim a ƙirjinsa ya bi titi da ita: in aka haska abin da ya ɗauka, titi zai riƙa tangaɗi ta ko'ina, fuskokin masu tahowa su dagule. Yau da kowa ya taɓa ɗaukar bidiyo da waya yana tafiya, wannan kwatance ba ya buƙatar dogon bayani. Bambancin kawai shi ne kai kana iya ajiye wayar. Shi kuwa allon rubutu a bakin hanya ba ya karantuwa gare shi sai ya tsaya cak.

Ɓarnar a kunne take

Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gida da bai kai girman kan ɗan yatsa ba. Sashe ɗaya nasa na ji ne, mai siffar dodon koɗi. Ɗaya sashen na daidaito ne: bututu uku masu lanƙwasa kamar zoben da ba a ƙarasa ba, cike da ruwa, suna kwance ta fuskoki uku daban-daban, ta yadda duk inda kai ya juya aƙalla ɗaya zai ji. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, su ke jin karkata da tafiya gaba ko sama. In kai ya juya, ruwan da ke cikin bututun yakan yi nawa, ya ɗan saura a baya, kamar yadda ruwa ke yi in ka murza kofi da sauri. Wannan nawar ce ke tanƙwara wasu ƙwayoyin halitta masu gashi a ka, su kuma su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

Sitiraptomaisin da ɗan'uwansa jentamaisin suna iya kashe waɗannan masu gashin, kuma sun fi cin na sashen daidaito fiye da na ji. A jikin ɗan Adam waɗanda suka mutu ba sa dawowa yadda za su maye gurbin asarar. Tun da maganin ta jini yake bi, kunne biyu yake ci a tare.

To me ya haɗa kunne da ido? Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan wuri kunne ne ke riƙe wa gani linzami. Saƙon da ya fito daga bututun nan yana bin wata 'yar gajeriyar hanya mai zango uku kacal: jijiya ta farko ta kai shi gindin ƙwaƙwalwa, ta biyu ta miƙa shi ga cibiyoyin da ke sarrafa ido, ta uku ta sauke shi a kan tsoka. Rafael Lorente de Nó ya yi bayanin wannan hanya tun 1933. Umarnin da take ɗauke da shi guda ne: kai ya juya dama digiri 10, ido ya juya hagu digiri 10, da sauri iri ɗaya, domin abin da ake kallo ya zauna inda yake. Ba ta bi ta sashen tunani. Ba ta ma buƙatar haske, don ko a cikin baƙin duhu tana aiki.

Gwada ka gani. Ƙura wa wannan layi ido, ka riƙa girgiza kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, sau biyu ko uku a sakan. Za ka ga rubutun yana karantuwa. Yanzu tsayar da kanka, ka girgiza wayar ko takardar da wannan saurin. Ya dagule. Motsin da ke tsakanin idonka da rubutun iri ɗaya ne a duka biyun. A na farko kunne ya ji ya gyara. A na biyu kunne bai ji komai ba, an bar ido da niyyarka su yi ta kansu, kuma sun kasa. Gwaji na biyun nan shi ne rayuwar J.C. a duk takun da ya yi.

Sirrin duka a lokaci yake. Linzamin kunne yana motsa ido cikin kimanin kashi 1 cikin 100 na sakan bayan kai ya motsa. In kuwa gani ne zai gano cewa hoto ya zame, ya sanar, sannan a gyara, ana buƙatar kusan kashi 1 cikin 10 na sakan. Sabon abu ya bayyana ka kai ido kansa, wannan yana cin kimanin kashi 1 cikin 5. Mai tafiya kuwa yana taka ƙasa kusan sau 2 a sakan, kowane taku na jijjiga kai. Kafin niyya ta buɗe baki ta ce a gyara, kan ya riga ya koma wani wuri. Kuma da zarar hoto ya zame a kan tantanin bayan ido da saurin da ya wuce digiri kaɗan a sakan, ƙananan abubuwa irin haruffa da kamannin fuska sun tafi.

Ba J.C. ne farau ba. A 1941 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Walter Dandy na Baltimo ta Amurka ya ba da labarin majiyyatan da aka yanke wa jijiyar daidaito ta kunne biyu don a raba su da hajijiya mai tsanani, suka dawo suna kukan cewa abubuwa na cakuɗewa in suna tafiya, su washe in sun tsaya. Abin da ya fifita bayanin J.C. shi ne mai ciwon ne da kansa ya riƙe alƙalami, kuma ya san abin da ya kamata a lura da shi.

Kishiyar lamarin

Domin a tabbatar cewa hanyoyi biyu ne daban, sai a nemi wanda ya rasa ɗaya hanyar ya riƙe wannan. Akwai su. A 1964 likitoci uku a Toronto ta Kanada, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama manya, wadda ɗaya daga cikin alamominta ita ce mutum ya kasa sauke idonsa ƙasa da niyya. Ka ce masa dubi ƙafarka, ya ji, ya gane, yana so, ido ya ƙi. Saukowa daga matakala ta zame masa haɗari. Amma in likita ya ce masa ya ƙura wa hancin likitan ido, sannan ya kama kan majiyyacin ya tanƙwara shi baya, sai ƙwayar idon ta gangara ƙasa sumul. Tsokar lafiyarta ƙalau, jijiyarta ma haka. Hanyar da umarnin niyya ke bi ce ta toshe, ta kunne kuwa a buɗe take.

Har wanda ke cikin dogon suma yana nuna wannan. In gindin ƙwaƙwalwarsa na aiki, aka juya kansa gefe, idanun za su koma ɗaya gefen, abin da likitoci ke kira idon 'yar tsana. In aka ɗura masa ruwan sanyi a kunne ɗaya, idanun za su karkata a hankali zuwa wannan kunnen. Robert Bárány na Biyana ta Ostiriya ne ya gano dabarar ruwan nan, aka ba shi lambar Nobel ta 1914 a kan aikinsa na sashen daidaito, labarin kuma ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har gobe wannan gwaji na cikin waɗanda ake yi kafin a tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu. Mai barci ma idonsa na zarya a ƙarƙashin fata a wasu lokutan dare, kamar yadda Aserinsky da Kleitman suka nuna a Shikago a 1953.

To ina niyya ta tsaya?

Kada a ɗauka cewa ido kashi biyu ne tsaf, wannan na niyya, wancan na kansa. Ko motsin da muke kira namu, in aka buɗe cikinsa, kaɗan ne namu.

Wurin da ke gani tangaran a tantanin ido ɗan ɗigo ne a tsakiya. Faɗin abin da yake ɗauka bai fi farcen babban yatsanka ba in ka miƙe hannu. Saboda haka dole ido ya yi ta tsalle yana kai wannan ɗigo kan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kimanin sau 3 a sakan, tun daga farkawa har kwanciya. Likitan ido Louis Émile Javal na Paris ya rubuta a ƙarshen shekarun 1870 cewa mai karatu ba ya jan idonsa a kan layi kamar mai shafa, tsalle yake yi yana tsayawa. Kai ka yi niyyar karanta wannan sakin layi, gaskiya ne. Amma a kan wane harafi idonka ya sauka a kalmar da ta wuce? Sau nawa ya koma baya? Ba ka sani ba, kuma ba a shawarce ka ba.

Saurin tsallen ma ba a hannunka yake ba. Tsawonsa ne ke yanke saurinsa: gajere a hankali, dogo da gudu, har manya su kai digiri 500 a sakan. Ba za ka iya yin tsallen ido mai nawa ba ko an ce za a ba ka lada, kuma in ya tashi da wuya a dawo da shi daga hanya, kamar kibiyar da ta bar baka. Ba ka ma ganin lokacin da yake faruwa. Tsaya gaban madubi ka dubi idonka na dama, ka koma na hagu, ka dawo. Ba za ka taɓa kama su suna motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da kai yana ganin suna zarya. Ƙwaƙwalwa tana rage gani a lokacin tsallen, ta ɗinke ɓarakar, ta miƙo maka duniya a tsaye kamar babu abin da ya faru.

Ga wani da ya fi ba ni mamaki. Ka sa wani ya zauna yana kallon idonka, ka yi ƙoƙarin jan su a hankali daga wannan kusurwar bango zuwa waccan, ba tare da tsalle ba. Zai gaya maka cewa ƙyat-ƙyat suke tafiya, komai ƙoƙarinka. Yanzu ya ɗaga yatsa ya ja shi a hankali a gabanka, ka bi shi da kallo. Sai ga idanun suna tafiya da sulɓi. Wannan rakiya mai santsi tana cikin jikinka, amma ba ka da mabuɗinta. Sai an sami abu mai motsi take fitowa. Kai dai naka shi ne ka zaɓi abin da za a raka. Wanda ke kallon waje ta tagar jirgin ƙasa ma idonsa na raka turaku yana fizgowa, yana rakawa yana fizgowa, shi kuwa yana can yana tunanin wani abu daban.

Ko tsayawa cak ba ta samuwa. In ka ƙura wa ɗigo ido, ƙwayar tana ɗan rawa, tana zamewa, tana ƙananan tsalle da ba ka ji. A 1952, Ditchburn da Ginsborg a Ingila suka haɗa na'urar da ke sa hoto ya bi duk motsin ido, ya zauna daram a wuri ɗaya na tantanin. Cikin 'yan sakanni hoton ya dushe. Wato ido yana buƙatar ɗan motsi don ya ci gaba da gani, kuma yana buƙatar kada motsin ya yi yawa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake tafiyar da shi, ba tare da mai shi ya san ana yi ba.

Duk da haka niyya ba 'yar kallo ba ce. Alfred Yarbus, mai bincike a Mosko, ya nuna a shekarun 1950 da 1960 cewa in aka ba mutum zane ɗaya aka sauya tambayar da ake yi masa, hanyar da idonsa ke bi tana sauyawa gaba ɗaya. Ka ce ya kimanta shekarun mutanen da ke cikin zanen, ido ya yi ta yawo a kan fuskoki. Ka ce ya tuna tufafinsu, ya sauka kan jiki. Manufa daga sama take zuwa, ko da ba ita ke tsara kowane taku ba.

Inda niyya ta fi nuna ƙarfinta kuwa shi ne wajen hani. A 1978 Peter Hallett ya fito da wani gwaji mai sauƙin faɗa: haske zai ƙyalla a gefe ɗaya, kai kuma ka dubi ɗaya gefen. Ido yana son zabura zuwa ga hasken, don akwai cibiya a saman gindin ƙwaƙwalwa da aikinta ke nan, ta fizgi kallo zuwa duk abin da ya ɓullo ba zato. Sai sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi ya taka mata birki, sannan ya tura ido inda aka ce. Lafiyayyun manya ma suna kwafsawa jefi-jefi, ido ya tafi wajen hasken kafin su dawo da shi, kuma ba kullum suke sanin sun yi ba. Yara ƙanana da waɗanda suka sami rauni a sashen goshi sun fi kwafsawa nesa ba kusa ba. Shi kansa linzamin kunne ana iya danne shi: miƙa hannu, ƙura wa babban yatsanka ido, ka juya kai da hannun tare. Ido zai zauna a tsakiya ya bi kan.

An saba kwatanta wannan al'amari da numfashi, wai yana tafiya da kansa amma kana iya karɓarsa in ka so. A ganina kwatancen ya yi rabin hanya ne ya tsaya. Numfashi kana iya karɓar aikinsa gaba ɗaya na ɗan lokaci, ka ja, ka sake, ka riƙe. Ido ba haka ba ne. J.C. likita ne, ya san sunan abin da ya lalace, ya san inda idonsa ya kamata ya koma a kowane taku, yana da cikakkiyar niyya da lafiyayyun tsokoki, amma bai iya karɓar aikin ba ko na taku ɗaya. Ya fi kama da fasinja da direba. Fasinja ke faɗin inda za a je, yana iya cewa a tsaya, yana iya cewa kada a bi ta can. Murza sitiyari a kan kowane gargada kuwa ba nasa ba ne, kuma ranar da direba ya sauka, sanin hanya ba zai mayar da shi direba ba.

Abin da ya biyo baya

J.C. bai dawwama a gado ba. A hankali ya koyi tafiya, ya koma harkokinsa. Kunnen dai bai warke ba, sauran jiki ne ya raba aikin a tsakaninsa. Gani ya ɗauki kaso, tafin ƙafa da gaɓoɓi suka ɗauki kaso, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi yin kirdado. In mutum da kansa zai juya kai, ƙwaƙwalwa ta riga ta san umarnin da ta bayar, don haka tana iya tura ido tun kafin hoto ya zame. Shi ya sa masu irin wannan lalura suka fi jure juyin da suka yi da kansu fiye da jijjigar mota a hanya mai gargada, wadda ba a san ta inda za ta zo ba.

A 1988 Michael Halmagyi da Ian Curthoys na Sidni a Ostiraliya suka bayyana gwajin da ake yi a bakin gado don kama wannan lalura. Likita ya riƙe kan majiyyaci, ya ce masa ya dubi hancin likitan, ya fizgi kan gefe kaɗan da sauri. Mai lafiya idonsa ba ya barin hancin. Wanda linzaminsa ya tsinke kuwa, idon yakan tafi tare da kan, sannan ya yi tsalle ya dawo. Da aka sami kyamarori masu sauri aka gano wani abin: wasu majiyyatan suna yin wannan tsallen gyara tun kan bai gama juyawa ba, da saurin da idon likita ba ya kamawa, su ma kuma ba su san suna yi ba. Wato jiki bai miƙa wa niyya aikin da ya rasa mai shi ba. Sabon ma'aikaci ya horar, wanda shi ma a ɓoye yake aiki.

Wannan horuwa ba baƙuwa ba ce ga tsarin. A 1976 Gonshor da Melvill Jones a Montiriyal ta Kanada suka ba da rahoton mutanen da suka yi kwanaki da makonni sanye da tabarau masu juya duniya, dama ta koma hagu. Linzamin kunnensu ya yi ta raguwa, har daga baya ya fara juyawa don ya dace da sabuwar duniyar. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ce ke wannan saiti. Duk wanda ya taɓa sa sabon gilashin ido mai ƙarfi ya ji ƙasa na yi masa wani iri na kwana biyu kafin ta daidaita, ya ɗanɗani ƙaramin samfurin abin. A kan wannan aka gina atisayen da Cawthorne da Cooksey suka fara a Landan a shekarun 1940, wanda har yau ake ba masu lalurar daidaito irinsa: a ƙura wa abu ido, a juya kai, a maimaita, a ƙara sauri. Rabon niyya a nan shi ne ta tashi mutum daga gado ta sa shi ya maimaita abin da ke sa shi jiri. Koyon kansa a ƙasa ake yin sa.

Akwai abin da ba ya dawowa. Duhu yakan kwance wa masu wannan lalura lissafi, saboda ya ɗauke ganin da suka jingina a kai. Ƙasa mai laushi ko mai tudu da kwari takan rikita saƙon ƙafa. Nutso cikin ruwa haɗari ne na gaske, don a can babu gani sosai, babu ƙasa, babu mai gaya wa mutum ina ne sama.

Kuma lalura ce mai saurin kuɓuce wa mai dubawa. Majiyyaci ya zo yana kukan ido, a zaunar da shi a kujera, ya karanta allon gwaji har layin ƙasa, a ce ya dubi dama ya duba, hagu ya duba, sama da ƙasa duk lafiya. An gwada duk abin da niyya ke iya yi, an same shi cif, alhali ba a taɓa wurin ciwon ba. Sai in an tsaya a bayansa an riƙa girgiza masa kai kamar sau 2 a sakan aka ce ya sake karanta allon, a nan za a ga ya zubar da layuka da dama. Ko kuma a yi masa tambayar da ta fi kowace na'ura sauƙi: kana gane fuskar mutum in kana tafiya, ko sai ka tsaya?

J.C. ba ya ganewa. Fuskar aboki da ta baƙo duk ɗaya suke a gare shi muddin ƙafarsa na motsi, kuma ba ya yiwuwa mutum ya riƙa tsayawa cak a gaban duk mai tahowa yana ƙare masa kallo. Sai ya yanke wa kansa shawara: duk wanda ya nufo shi, ya gaishe shi kamar ya san shi.